Kawuna Mai Yankan Kofato

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ƙofar gidan ta cika da motoci da babura har masu amalanke suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci. Ƙauyenmu da ke gefen Jahun bai saba ganin irin wannan taro ba sai lokacin siyasa. Ina cikin gida tare da mata, amma katangar gajeriya ce, mazan kuma ba su rage murya ba, saboda haka babu abin da ya wuce ni.

Wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Jahun kuma mai dawaki, shi ya fi kowa magana. Ya ce an yi rashin da ba za a mayar ba, daga Jahun har Dutse babu wanda ya san kofaton doki kamar marigayi, sana'ar ta bi shi kabari. Aka yi ta cewa haka ne, haka ne. Inna, matar Kawu, tana zaune kusa da ni da carbi a hannu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce da ni a hankali, "Na san muryar nan. Rabona da jin ta a ƙofar gidan nan tun ana kiran Kawunki makaho."

Masu jakuna ma sun zo. Sun zauna can gefe a ƙasa, don manya sun cinye tabarmin, kuma ban da addu'a ba su ce komai ba. Wata tsohuwa mai sayar da itace ta shigo cikin gida ta durƙusa gaban Inna, ta kasa ko gaisuwa, ta yi hawayenta ta tashi ta tafi. Shi kuwa Yaya, babban ɗan Kawu, yana tsakiyar zaure yana karɓar gaisuwa, idanunsa sun yi jawur. Ba zan ce kukan ƙarya yake yi ba. Na san Yaya, da gaske yake kuka. Wannan ma yana cikin abin da ya hana ni sukuni, domin da na ƙarya ne da na san yadda zan yi da shi.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina ƙarama shi ya ɗauko ni, a gidansa na girma tare da 'ya'yansa, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni. Yanzu ina koyarwa a Dutse, muna zaune a Limawa da maigidana da yaranmu. Na zauna rubuta wannan ne saboda yabon da na ji a ƙofar gida ya tsorata ni. In aka bar shi haka, nan gaba kaɗan za a manta da mutumin, a riƙe wani tsoho mai daɗin labari wanda kowa ya so, kowa ya girmama. Ba haka aka yi ba.

Sana'arsa yankan kofato. A wurin mahaifinsa ya koya, kuma tun ina yarinya na san in an ji haniniya a ƙofar gida da safe, to, an kawo masa aiki. Kayan aikinsa ba su da yawa: wuƙa mai lanƙwasasshen baki da wani maƙeri ya yi masa, da magagari na goge gefen kofato, da awartaki, da ƙaramar guduma, duk a cikin wata jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Amma ba ya fara buɗe jakar. In an kawo doki, ko amsa gaisuwa bai gama ba zai ce, "Ja shi ya taka in gani." Sai ya tsuguna, a ja dokin a tafi, a juyo, a sake tafiya, shi yana kallon ƙafafu kawai. Wani lokaci mai dokin ya gaji ya ce ai ya riga ya faɗa masa ƙafar da ke ciwo. Kawu ya ce ya ji abin da mai doki ya faɗa, yanzu na dokin yake saurare. Bayan nan ne zai ɗaga ƙafar ya ɗora a cinyarsa, ya kankare datti, ya danna tafin kofaton da babban yatsa, ya kai hancinsa ya shinshina. Ya ce ruɓa tana yin wari tun kafin ta nuna a ido.

Da rani, in kofato ya bushe ya yi tauri, ba ya sa wuƙa sai an tsayar da dokin cikin laka a bakin rijiya ya yi laushi. Da damina kuma faɗansa ɗaya ne da kowa, a kwashe kashi, a zuba busasshen yashi, kada doki ya kwana cikin danshi. Bai taɓa buga wa doki takalmin ƙarfe ba. Ba wai ya haramta ba ne, ya ce dokin da ke yawo a duwatsu ko a kwalta yana iya buƙata, amma ƙasarmu rairayi ce, kofaton da aka yanka daidai ya ishi kansa. In wani ya nace sai takalmi, ya kan tura shi gaba, ya ce shi bai koyi wannan ba kuma ba zai koya a ƙafar dabbar mutane ba.

Aikin ya bi jikinsa har ya zama in ya haɗu da mutum, ƙafarsa yake fara kallo. Mu 'yan gidan mun sha faɗa a kan faso. Ya kan ajiye man kaɗe a wani ƙaramin kwano, wanda yake shafa wa dawaki, ya kira ni ya ce in zo in shafa a dunduniya, 'ya mace ba ta yawo da ƙafa kamar busasshiyar fadama. Ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe shi, bayan ya tafi Inna ta tambayi Kawu yadda ya ga yaron. Ya ce bai kalli fuskarsa sosai ba, amma takunsa daidai yake, ba ya jan ƙafa, ba ya kuma gaggawa, a ba shi. Har yau in muka yi saɓani da maigidana ya kan tuna min cewa shi an duba shi kafin a karɓa.

Bakinsa kuwa babu laushi. Wannan Alhajin da ya cika ƙofar gida da yabo, akwai shekarar da ya aiko a ɗauki Kawu zuwa gidansa a Jahun, dokinsa yana ɗingishi. Kawu ya shiga bargar ya tarar dokin yana tsaye cikin kashi da fitsari har sun rufe kofato. Ya fito ya zauna a dakali, ya ce ba zai taɓa ƙafar ba sai an share wurin. Alhaji ya kira yaransa. Kawu ya ce ba su ba, mai dokin da kansa, don ya ji warin da dabbar ke kwana ciki. Alhaji ya fusata ya ce a gidansa za a ci masa mutunci, Kawu ya rataya jakarsa ya kama hanyar tasha. Da ciwon dokin ya ƙara tsananta, Alhaji ya naɗe babbar riga ya ɗauki shebur, sannan aka sake aikowa. Dokin ya warke. A wurin zaman makoki Alhaji ya ba da wannan labarin ana dariya. Bai ba da ɗayan ba, wanda zan zo kansa.

Sauran masu harkar dawaki suna ganin taɓa jaki ƙasƙanci ne. Kawu bai taɓa ganin haka ba. Tsohuwar nan mai itace, mijinta ya rasu ya bar mata jaki ɗaya, da shi take ɗauko itace daga daji ta ciyar da jikokinta. Kofatan jakin suka yi tsawo suka murɗe sama, har ya koma takawa da dunduniya, ita kuma ba ta san ana yanka wa jaki kofato ba. Kawu ya gamu da su a hanyar gona. Ya tsayar da ita, ya sa ta sauke kayan, ya yi mata faɗa sosai har ta yi kuka, sannan ya biyo ta gida da jakarsa. Ya ce ba a gyara irin wannan a zama ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, in ba haka ba jijiya ta sha wahala. Haka ya yi ta zuwa har jakin ya miƙe. Da ta kawo masa damin itace ya ce ta kai kasuwa, gidansa akwai kara. Daga nan masu jakuna suka gane ƙofarsa, masu ɗiban yashi da masu kai taki gona. Wasu daga masu dawaki suka fara tsegumi cewa wuƙar da ta taɓa jaki ita ake sa wa dawakinsu. Ya ce duk wanda dokinsa ya kawo ƙara ya turo shi.

Sai idonsa ya fara dushewa. A hankali abin ya zo, kuma Inna ce ta fara lura, da ta ga yana lalubar butarsa alhali tana gabansa. In an yi magana sai ya ce hayaƙin girki ne. A nan ina da haushin Kawu, kuma mutuwa ba ta goge shi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane faɗa don sun bar ƙaramin ciwo ya girma, shi ya zauna da nasa yana musu. Hannunsa da hancinsa suka ci gaba da rufa masa asiri, har ranar da aka kira shi ya rage wa wani sabon dokin Alhaji kofato. Wuƙar ta zarce ta shiga nama, jini ya zuba. Dokin ya yi damina guda ba a hau shi ba. Kawu ya ce dokin ne ya motsa. Waɗanda ke wurin suka ce bai motsa ba. Bai taɓa amsa laifin nan ba, ko a gaban Inna. Alhaji bai yi masa rashin mutunci ba, ya dai daina aikowa, ya kuma faɗa wa duk mai dokin da ya sani dalilinsa.

A lokacin Kawu yana da dokinsa guda, baƙi wuluk, muna kiransa Akawal. Tun yana ɗan ƙarami ya same shi, shi ya hore shi, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga masa bulala ba. Turkensa yana tsakar gida kusa da rumbu. In Kawu ya dawo daga masallaci da asuba, kafin ya yi wa kowa magana sai ya ɗaga ƙafafun Akawal ɗaya bayan ɗaya ya duba. Da aiki ya ja baya, ga shekarar ba ta yi harawa ba, ciyar da dokin ya fara nauyi. Yaya kuwa ya daɗe da komawa Dutse, inda yake ba da hayar dawaki ga masu biki, samari su hau su raka ango cikin gari. Ya zo ya ce a ba shi Akawal ya riƙe, can zai fi samun dusa da harawa. Inna ba ta so ba. Kawu ya yarda bisa sharaɗi biyu, kada a yi sukuwa da shi a kan kwalta, kuma in kofato ya yi tsawo a kawo shi gida.

Ba a cika ko ɗaya ba. Ni da ke Dutse na sha ganin Akawal a titi, wani yaro a kansa yana zabura, kofatansa suna dukan kwalta. Na yi wa Yaya magana ya ce sana'ar ke nan, mai biki ba ya biyan doki don ya yi tafiyar tsofaffi. Da na faɗa wa Kawu, ya aika masa, Yaya ya ce za a kiyaye.

Wata rana Yaya ya kira maigidana ya ce Akawal yana ɗan ɗingishi, kada dai a gaya wa Baba. Maigidana ya ce wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Washegari Kawu ya shigo motar Jahun da jakarsa, ya sauka gidanmu a Limawa. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce a kai shi. Da yake ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai, ni na raka shi, muka hau adaidaita zuwa wani kango da Yaya ya kama yake ɗaure dawakinsa.

Akawal ya ji muryarsa tun daga ƙofa ya yi haniniya. Kawu bai ce a ja shi ya taka ba, karon farko ke nan da na ga haka, don ya san ba zai gani ba. Ya dafa wuyan dokin ya bi da hannu har ƙasa, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama. Kofaton ya cinye ya yi siriri, kuma ya tsage daga ƙasa ya yi sama kamar tsagin ƙwarya. Ni ma na gani. Ya bi tsagin da farce, ya riƙe kofaton a tafin hannu ya ce da zafi a ciki. Ya ce a mai da dokin ƙauye ya tsaya a kan rairayi, zai ɗan rage bakin tsagin don nauyi ya daina buɗe shi, a riƙa shafa mai, kuma kada kowa ya hau shi sai sabon kofato ya sauko, ko da zai kai bayan damina.

Yaya ya ce ba zai yiwu ba. Akwai biki ranar Asabar, angon da kansa ya zo ya zaɓi Akawal, an riga an yi magana. Ya ce ya kira wani mai buga takalmi, in aka sa ƙarfe zai riƙe tsagin. Muna nan tsaye mutumin ya iso a babur, matashi ne, da jaka cike da takalman ƙarfe irin waɗanda ake sayowa a ƙere. Ba zan zalunce shi ba. Ya gaida Kawu da ladabi, ya duba ƙafar, ya ce gaskiya ɓawon kofaton ya yi siriri, wurin da ƙusa za ta kama kaɗan ne, da a bari da ya fi. Yaya ya ce in ba zai iya ba ya faɗa a kira wani. Sai ya ce zai gwada.

Kawu ya ce da Yaya, "Ba mai gyara kake nema ba. Wanda zai ce maka to kake nema, ka kuwa samu."

Ya buɗe jakarsa ya zaro wuƙar, ya sunkuya zai ɗaga ƙafar. Yaya ya riƙe masa hannu. A gaban mai takalmin, da masu yi masa hidimar dawaki, da mutanen da suka leƙo kallo, ya ce, "Baba, ba ka gani. Kada ka yi masa abin da ka yi wa dokin Alhaji."

Kawu ya daɗe a sunkuye. Sannan ya mai da wuƙar cikin jaka, ya ɗaure bakinta, ya shafa goshin Akawal, ya ce da ni mu tafi. A cikin adaidaita na ce ya kwana ya huta, ya ce a kai shi tasha.

Abin da ke ci min rai shi ne, kowannensu da gaskiyarsa a ranar. Kawu ba ya gani, haka ne. Da ya sa wuƙar, Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya. Amma hutar da doki ba ya buƙatar ido. Mai takalmin ma ya faɗi haka. Yaya ya ɗauki gaskiyar da ta shafi idon mahaifinsa ya rufe ɗaya gaskiyar da ita, saboda bikin ranar Asabar.

An buga takalmin, an yi bikin. Bayan 'yan kwanaki Akawal ya daina dafa ƙafar a ƙasa. Ta kumbura, mugunya ta fashe ta saman kofato inda gashi ya ƙare. Sai da abin ya kai haka aka kira likitan dabbobi. Ya cire takalmin ya ce ƙusa ɗaya ta shiga nama, kuma cuta ta riga ta bi ramin ta shiga jiki. Ya yi allurai. Jikin dokin ya sandare, muƙamuƙinsa ya ƙi buɗewa, ga dusa a gabansa ba ya iya ci. Haka ya mutu a kangon nan. Yaya ya roƙe mu kada mu faɗa, ya ce shi zai je da kansa ya gaya wa Baba. Bai je da wuri ba. Ranar kasuwar Jahun wani mai sayar da ragama ya tare Kawu ya yi masa jajen Akawal, yana zaton ya sani. Inna ta ce ya dawo gida tun rana ba ta yi ba, ya nemi galma, ya tone turken ya jefa bayan rumbu, ya cike ramin ya daddaɓe shi da ƙafa. Bai ci abinci ba ranar. Da Yaya ya zo daga baya ya durƙusa yana ba da haƙuri, Kawu ya ce ya ji, Allah ya kiyaye gaba. Daga nan ba su yi gaba da juna ba. Yaya na aiko da hatsi, yana zuwa da Sallah, ya gaishe shi ya amsa. Amma maganar doki ba ta sake shiga tsakaninsu ba, kuma ban da ita ba su da wata hira.

Ina da maƙwabciya a Limawa, Kirista ce 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya. Wani zuwa da Kawu ya yi, ta shigo gaishe shi, ta kalli idanunsa ta ce, "Baba, wannan yanar ido ce. Ana cire ta, mutum ya koma gani." Mun sha faɗa masa haka yana ƙi. Wannan karon bai yi musu ba, ya tambaye ta yaushe. Ita ta yi mana jagora a asibiti har aka yi aikin. Ranar da aka cire masa bandeji ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya sauke ido ƙasa ya ce ashe har yanzu ban rabu da faso ba. Na yi dariya har da hawaye. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Ya koma gida ya wasa wuƙarsa, ya sa aka yi wa magagari sabon mariƙi. Ranar kasuwa ya koma inda ya saba zama, ƙarƙashin wata tsamiya kusa da kara, wato inda ake cinikin dabbobi. Ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aikinsa. Masu dawaki suka riƙa zuwa suna gaishe shi, suna yi masa barka da samun lafiya, suna wucewa da dawakinsu wajen masu buga takalmin nan da ke zuwa a babur. Magana ta riga ta zauna cewa ɗansa na cikinsa ya riƙe masa hannu ya ce ba ya gani. Wa zai ba shi ƙafar doki bayan haka? Ya zaro allura a gaban mutane ya zura zare don su shaida, suka yi mamaki, suka ce ma sha Allah, ba wanda ya kawo doki. Alhaji ya sha wucewa ta gaban tsamiyar nan, ya ɗaga hannu daga cikin mota.

Maigidana ya sami Yaya ya ce abin nan da sauƙi. Ya ɗauki doki ɗaya cikin nasa ya kai Jahun ranar kasuwa, ya miƙa wa mahaifinsa ragamar a gaban jama'a. Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara. Yaya ya ce gaskiya ne, bari hidimar bukukuwa ta lafa. Ta lafa ta sake tashi. Ya ce bayan Sallah. Ban san ko kunya ce ta hana shi ba, ko tsoron kada Kawu ya ƙi karɓa a gaban mutane, ko kuwa har zuciyarsa bai yarda idon ya dawo ba. Ban san dalili ba, na dai san bai kai ba. Kawu ya yi shekaru da idonsa garau, kuma bai sake ɗora ƙafar doki a cinyarsa ba. Jakuna kawai. Ya yi musu aikin da kyau, bai taɓa yi musu da rabin zuciya ba, amma in doki ya wuce sai ka ga wuƙar ta tsaya a hannunsa har sai ƙarar kofaton ta ɓace.

A ciwonsa na ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, muka kawo shi Dutse ana duba shi. Wata la'asar muna dawowa daga asibiti, adaidaitar ta tsaya saboda masu rakiyar ango sun tare hanya da dawaki. Kawu yana jingine da ni, na ɗauka barci yake. Sai na ji ya miƙe zaune. Ya bi su da ido har suka kusa wucewa, ya tambaye ni jan dokin nan na baya na wane ne. Na san shi, na ce na Yaya ne.

Ya ce, "Ki gaya masa ƙafar gaba ta hagu. Ya cire takalmin ya hutar da shi." Ya numfasa, sannan ya ƙara, "Kada ki ce ni na faɗa. Zai ce ban gani ba."

Muna isa gida na kira Yaya. Na faɗa masa kamar daga bakina, ya yi dariya ya ce yaushe malamar makaranta ta san ƙafar doki. Sai na ce Kawu ne ya gani. Ya daina dariya. Can ya ce to, zai duba. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Babu sauƙi. Mun mai da shi gida kamar yadda ya roƙa, kuma can ya cika, da hantsi, Inna tana riƙe da hannunsa.

Bayan sadakar bakwai na dawo Dutse. Mun shigo gari ke nan, kusa da kwanar da za ta kai mu Limawa, sai ga wani biki, ana kiɗa, samari a kan dawaki. Jan dokin yana gaba wannan karon, shi aka ɗora wa angon, an yi masa ado har ƙasa. Takalmin yana ƙafarsa, na ji ƙararsa a kwalta. Duk takun da ya yi da ƙafar hagu sai ya ɗaga kai sama. Ni da ban san komai a kan doki ba na gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa da kaifin bakinsa, ya saka masa da kowace dabbar da ya sauƙaƙa wa tafiya. Ya ba Inna haƙuri. Ana ce min in yafe wa sauran, tunda shi mai abin ya ce ya ji. Ina roƙon Allah ya kai ni can. Ban kai ba tukuna.